Warin Yuriya a Fadamarmu

Assalamu alaikum Yaya Sule,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Yaya ciwon gwiwar nan? Yaya zaman Legas? Mu nan Haɗeja sai godiya.

Labarin 'yarka Bilki zan ba ka. Tun da masana'antar da take aikin injiniya a ciki ta fara fesa wa hayaƙinta ruwan takin yuriya, wai don a tace shi, wani wari ya riƙa saukowa fadamarmu. Ido na yaji, ganyen tattasai na ƙonewa. Na ce mata, "Na san warin nan. Haka yuriya ke yi in an watsa ba a rufe da ƙasa ba."

Ta je ta auna hayaƙin, ta tarar takin ya yi yawa, rararsa ce ke fita ta zama iskar amoniya, wata iska mai yaji da ƙona ganye. Da ta gaya wa manajansu, ya ce ta ja bakinta in tana son aikinta. Yaya, yarinyar nan sai da ta lallaɓo shi har gonata, ta ce, "Ranka ya daɗe, shaƙa ka ji." Nan take ya toshe hanci da hularsa, yana ta tari. Sati bai zagayo ba aka rage takin. Ga tattasai nan ya sake toho.

Ku sa ta a addu'a, don ba kowa ne ya ji daɗi ba a can. A gaida mutanen gida duka.

Ƙaninka Habu, wanda yanzu duk fadama ba mai kiransa sai da Baban Injiniya.