Atamfar Hoton Zulfa

Talata, 11 ga Mayu, 1993. Aikin farko: kai takardun taki ofishin gona kafin ƙarfe takwas.

Sabon Gari, Jega.

Zuwa ga Yaya Kulsum, a Sabon Ibadan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Malam Bature da yara duka. Ki yi haƙuri da layin da ke sama, daga littafin da nake rubuta al'amurana na kullum na yago shafin, ban sami wata takarda a gida ba. Mu nan lafiya lau, sai zafi da kewa. An kwashe albasa, ta yi kyau bana. Direban da zai ba ki wasiƙar, Ɗantsoho, lodinta ya ɗauko daga Aliero, kuma zai juyo bayan kwana shida.

Yaya, wani kuskure na yi, kuma ke kaɗai nake jin zan iya gaya wa. Kin san ɗiyarki Zulfa tana aji shida, shekarar ƙarshe. Al'adar makarantarsu ce mai hoto ya zo ran Asabar ta ƙarshen wannan wata, ya kafa labulensa a gindin darbejiya, kowace mai fita ta tuɓe kayan makaranta ta sa na gida a ɗauke ta ita kaɗai. Tun yanzu 'yan ajinsu ba su da zance sai na kitso da lalle da ɗaurin ɗankwali. Juma'ar da ta wuce aka ba su izini su zo gida ɗaukar kaya. Zulfa ta gaishe ni, ta shiga ɗakin Innarta, matata, ƙanwarki Gudiya, Allah Ya ji ƙanta, ta buɗe akwatin da ta kasa taɓawa tun rasuwar a watan Fabrairu. Ta daɗe a ciki. Da ta fito sai ta tambaye ni ina shuɗiyar atamfar nan mai zanen ganye, wadda ba a ɗinka ba. Ta ce Innarta ta saya mata ita don ranar hoto, har sun gama shawarar irin ɗinkin, wuya zagaye, hannu zuwa gwiwa.

Ga abin da ya faru da ita. Da malamai suka raba gado, atamfar ta faɗo cikin rabona. Lokacin Zulfa ta riga ta koma makaranta. Na tuna ba a yi wa Gwoggo Kyauta ta Fagada komai ba, tsohuwar da ta yi wa marigayiya wanka, kuma kin san a nan ba a barin mai wanka haka, ana ba ta zane. Na shimfiɗa zannuwan a kan tabarma na duba su ɗaya bayan ɗaya, na ga bai dace in ba ta wanda ya sha wanki ba. Na zaɓi sabon. Har na ji daɗi a raina cewa na yi abin kirki.

Da Zulfa ta yi maganar, na ce mata ban taɓa jin zancen ba, kuma wallahi haka na ɗauka. Amma zuciyata ba ta kwanta ba, sai na ɗauko littafin bara. Yaya, ga shi nan da hannuna, ran sha huɗu ga Nuwamba: Gudiya ta sayo atamfa shuɗiya, ta ce ta hoton Zulfa ce, kada a taɓa. A ƙarƙashinsa na rubuta cewa an kawo fayilolinmu daga Sakkwato. Ƙanwarki takan yi mini tsiya, ta ce ko kaza ta yi ƙwai sai na rubuta, amma in ta tambaye ni me ta ce jiya sai na buɗe littafi. Ina dariya lokacin. Ashe ina rubuta maganarta ne ba na jin ta.

Ran Asabar na hau keke zuwa Fagada, ina ta shirya yadda zan roƙi tsohuwar ta mayar, in musanya mata da wata. Na same ta a ƙofar gida tana tsince wake, atamfar a jikinta, an ɗinka riga da zane. Ta tashi tana juyawa don in gani, ta ce in duba amarya, yanzu tsofaffin garin sun hana ta sakat. Sannan ta ce rabonta da sabon zane tun mijinta yana da rai, kuma duk sallar da ta yi a cikinsa sai ta ambaci Gudiya. Na sha ruwa, na ce gaisuwa ce ta kawo ni, na juyo.

Na gaya wa Zulfa komai, har na nuna mata shafin. Ta karanta sau biyu. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ba komai, Baba, sadaka ce, Allah Ya kai ladan kabarin Inna. Na zaga kasuwa na samo wata atamfa mai kama da waccan, amma ganyen nata manya ne, shuɗin kuma ya fi duhu. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Ran Lahadi bayan ta tafi na sami atamfar a ninke a kan gado. Ƙanwata Luba ce ta gaya mini Zulfa ta ce ba za ta shiga hoton ba, za ta zauna a ɗakin kwana har mai hoto ya naɗe labulensa.

Yaya, Gudiya ba ta bar hoto ko ɗaya ba, kullum sai ta ce sai ta yi ƙiba. Ba na so ɗiyarta ma ta fita makaranta ba ta da shi saboda ni. Ban san ko ina da bakin da zan roƙe ta ba. Ke tana jin maganarki, muryarku ɗaya da Innarta. Don Allah ki rubuto mata ta hannun Ɗantsoho. Kada ki wanke ni a ciki, ki dai ce ta tsaya a ɗauke ta, ko da kayan makaranta ne. In kuma kin ga barinta ya fi, ki gaya mini, don na daina yarda da abin da nake gani daidai ne.

Ki gaishe da Malam Bature da A'isha da Khairiyya. Luba tana gaishe ki. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Waliyyu Sabo

Gobe, in Allah Ya kai mu:
1. Kai wasiƙa tasha kafin motar Ɗantsoho ta tashi.
2. Roƙon Luba ta ajiye lalle, ko da za a buƙata.
3. Kai atamfar da Zulfa ta bari wajen tela. Wuya zagaye, hannu zuwa gwiwa. Ban san awonta ba.
4. Karanta sauran littafin bara, duk inda Gudiya ta ce wani abu.