Motar Auta Ba Ta Ja da Baya

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya, nemi wuri ki zauna: ƙanenki ya yi mota.

Tsohuwa ce, ba zan ɓoye miki ba. Fenti ya koɗe, ƙofar baya sai an ɗaga ta take rufuwa, amma injin garau. Dillalin ya miƙo makulli ya ce in gwada son raina, ni kuwa ban yi masa kara ba. Na taka birki, na kunna fitilu, na danna hon har masu shaguna suka leƙo, na zagaya babban titi na dawo. Shekarun da na yi ina haya da babur ba a banza suka tafi ba, kunnena ya san lafiyayyen inji.

Kin san dalilina. Tun faɗuwar da muka yi bara cikin ruwan sama, cikin mutuniyarki, matata, ya zube, na yi alkawarin ba za ta sake hawa babur da ciki ba. Yanzu watanta ya kusa, kuma a mota za ta je asibiti.

Ki gaishe da kowa.
Ƙanenki, Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Ni da abin da ke cikina lafiya lau, sai nauyi da kumburin ƙafa.

Na san ɗan'uwanki ya ba ki labarin mota, na kuma san inda ya tsaya. Kin tuna lungunmu, mai bakin shiga ɗaya, wanda ya ƙare a katangar tela? Ranar da ya kawo ta, ya shigo yana hon, maƙwabta na ta sa albarka, ya tsaya a ƙofar gida yana ɗaga hannu. Da safe ya zo fita, ya sa ribas, mota ta yi gurnani ta ce ba da ita ba. Ashe ba ta da giyar baya sam.

Da na tambaye shi yadda aka yi bai gwada ba, sai ya sosa ƙeya ya ce shi fa babur ba shi da ribas, da ƙafa ake ja da baya, abin bai ko zo masa a rai ba. Yaya, na yi dariya har yaron ya harbe ni. Shi kam ya daina cin abincin kirki, kullum yana zagaye motar yana tsaki. Ki lallashe shi, amma kada ki ce ni na faɗa.

Taki, matar Auta

*

Auta,

Gaisuwa irin ta yaya da ƙanenta. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya.

Labari ya iso ni, kada ka tambaye ni ta ina. Kai dai ba ka canza ba. Tun kana rarrafe gaba kawai ka sani, in ka shige ƙarƙashin gado sai an jawo ka ta ƙafa. Maigida ya yi dariya har ya ƙware, ya ce a gaya maka dillalin nan bai ma sha wahalar yin ƙarya ba.

To, wasa ya ƙare. Ka ci abinci, ka kai ta wurin makanike yau, ba gobe ba. Wallahi na yi ƙwalla da na ji dalilinka, kuma ina alfahari da kai. Amma yarinyar nan lafiyarka ta fi buƙata, ba ƙarfe ba.

Yayarka

*

Yaya,

Na ga saƙonki, kuma na san ɗan leƙen asirinki, gado ɗaya muke kwana.

Makanike ya shiga ƙarƙashinta ya fito, ya ce haƙoran giyar baya ne suka cinye. Sai an sauke giyabos gaba ɗaya, a jira kayan gyara, kuma shi ba zai rantse mini da ranar gamawa ba. Na ce in naƙuda ta zo motar tana kan dutse fa? Ya ce to in bar ta haka tukuna, giyoyin gaba ba abin da zai same su.

Ga dabarar da muka yi. Duk yamma ina tsayawa a bakin lungu in juya ta, tela da mai wanki su taya ni tura ta ciki da baya, ta kwana hancinta na kallon titi. Tela ya ce tunda yake bai taɓa ganin motar da ake kwantarwa kamar jariri ba. Mutuniyarki kuwa kujera take fitarwa ta zauna tana ba mu umarni.

Auta

*

Yaya,

A kan bencin asibiti nake rubuta miki, ki yi haƙuri da rubutun.

Da hantsi ina bakin kasuwa aka kira ni, wai abu ya taso. Ban san yadda na iso ba. Sai da na ga katangar tela a gabana na tuna: na shigo lungu da kai. Maza duk sun fita aiki, tela ma ya tafi sayen zare. Na buɗe ƙofa na zuro ƙafa ɗaya ina tura ƙasa, ko motsi ba ta yi ba.

Ga babur ɗina a zaure. Na dube shi, Yaya, na tuna faɗuwar bara. Mutuniyarki ta fito tana dafa bango, ta bi idona da kallo, ta ce, "Ko da wasa. Buɗe mini baya."

Ta shiga ta zauna, ta leƙo ta taga ta kira matan lungu ɗaya bayan ɗaya. Suka fito, wata da kumfa a hannu, wata da goyo, har tsohuwar da ke sayar da gawayi. Suka ɗaure zannuwa suka dafa gaban mota. Ina riƙe da sitiyari ina hawaye, matar mai wanki tana ce mini in dubi madubi in daina kunyata su. Haka suka fitar da mu har titi, suna haki suna dariya.

Sun shiga da ita tun ɗazu. Ba wanda ya fito ya ce mini komai. Tsoro nake ji, ki yi mana addu'a.

Auta

*

Yaya,

Mace ce. Muryarta har bakin ƙofar asibiti. Uwar lafiya lau, ta sha shayi, har ta fara yi mini tsiya.

Ta ce in gaya miki, wannan karon mu uku za mu koma gida.

Auta