Na Kulle Muryar Baba

Yaya Radiya,

Assalamu alaikum. Ya Inna da mutanen Limancin Kona? Ni lafiya lau nake a Alƙahira, kada ku damu.

Sai dai na yi ɓarna. Kwamfutata ta dame ni da matsala, sai na goge ɗan guntun tsaronta mai riƙe makullin sirri, ya koma kamar sabo. Makullin ya tafi, komai ya kulle, har da karatun tafsirin marigayi Baba da na naɗa. Ba ni da wani kwafi. Masu gyara uku na zaga, kowa ya ce, “Sai haƙuri.”

Inna tana jiran in turo mata muryarsa kafin azumi. Don Allah ki zauna kusa da ita ranar da zan kira.

Ƙaninki,
Haisam