Na Kori Ɗana, Ɓeran Yana Nan

Malama mai filin shawara, don Allah ki taimake ni, na yi ɓarin da ban san ta inda zan fara kwashewa ba. Ki yi haƙuri da rubutuna. Aji huɗu na yi a firamare, na huɗun ma sau biyu na yi shi, don malamai sun ce ba su gaji da ganina ba. Amma in dai maganar mota ce, ba yabon kai ba, shekarata ashirin da shida riƙe da sitiyari. Yanzu ƙaramar bas nake ja, ina kai yaran unguwa makaranta da safe in ɗauko su da rana. Yara goma sha huɗu, kowanne da bakinsa, ban taɓa makarar da ɗaya ba sai bana.

Wata uku ke nan motar ta fara iskanci. Yau fitilar hagu ta ƙi kamawa, gobe hon ya koma kukan ɗan akuya, jibi in murɗa makulli ta yi mini shiru kamar surukar da aka ɓata wa rai. Gidanmu a ƙarshen unguwa yake, bayan katangarmu ciyawa ce har ƙugu. A ƙarƙashin rumfa nake ajiye motar, gefen tarin itace da buhunan dusar kajin uwar yara. Shekara da shekaru nan take kwana ba abin da ya taɓa samunta.

Na kai ta wurin mai gyaran wayar mota, tsohon abokina ne, mutum mai ƙarancin magana. Ya cusa kai cikin injin, ya daɗe, ya fito da waɗansu wayoyi a guntule. Ya ce mini ɓera ne. Ya ƙara da cewa ba daga nesa yake zuwa ba, a gidana yake kwana, abincina yake ci, in ban tashi tsaye ba sai ya ƙarar da wayar motar kaf.

To Malama, ni mutum ne mai gane magana tun ba a ƙarasa ta ba. Abin da nake taƙama da shi ke nan a majalisa. Na ce a raina wannan dattijo kunyata yake ji, shi ya sa ya lulluɓe zancen. Wa bai san wanda ake kira ɓera ba? Wa bai san abin da ake nufi da halin ɓera ba? Ga shi ana ta labarin samari masu yankan waya suna kai wa masu sayen jan ƙarfe. Na gyaɗa masa kai irin na manya, na ce na gane, na gode da ya sakaya. Shi ma ya gyaɗa kai. Ashe kowa da abin da yake gyaɗa wa.

Babban ɗana shekararsa ashirin da uku. Injiniya muke ce masa, tun ranar da ya kwance rediyona yana ɗan shekara bakwai ya mayar da ita ta dawo tana kama tashoshin da ba ta taɓa kamawa ba. Ya karanci aikin lantarki, yana bin masu haɗa wutar sola in aiki ya samu, in bai samu ba yana gida. A gidana yake kwana, abincina yake ci. Kin ga biri ya fara kama da mutum.

Kwana biyu bayan nan na fito da sassafe na same shi ya buɗe bonet, kansa a ciki, filaya a hannu. Da ya gan ni sai ya yi sauri ya rufe, ya ce duba mai yake yi. Duba mai da filaya! Da ya fita na shiga ɗakinsa, na ɗaga katifa, na leƙa ƙarƙashin gado, sai ga leda cike da guntayen waya, ja da kore da ruwan ɗorawa, irin na motata sak. Na ce ƙarshen tika-tika tik.

Na jira har aka zauna cin abincin rana, uwarsa na nan, ƙannensa huɗu na nan. Na zazzage ledar a tsakiyar tabarma. Na yi jawabi, Malama, jawabin da ko a taron siyasa sai an tafa mini. Na ce na yi kiwon ɗa ashe ɓera na yi kiwo. Na ce da ɗan gari akan ci gari. Na ce karatun da na hana kaina sabon takalmi na biya masa, ashe na yankan wayar ubansa ne. Ya buɗe baki zai yi magana na ɗaga masa hannu, na ce ɓera ba ya kare kansa a gaban mage. Ƙaramar ƙanwarsa ta yi dariya don ta ɗauka wasa nake, da yake ni ne mai ba da dariyar gidan. Shi bai yi ba. Ya wanke hannu, ya haɗa kayansa a jaka ɗaya, ya durƙusa ya yi mini sallama kamar yadda ya saba, ya koma ɗakin da ke bayan shagon kawunsa. Yau sati uku.

Ɓera ya tafi, sai na ce mota za ta huta. Kwana huɗu da tafiyarsa ta mutu murus a tsakiyar titi da yara a ciki, masu babur suna ta yi mini kirari. Na koma wurin abokina ina cika baki, na ce ai na kori ɓeran, wannan tsohuwar ɓarnarsa ce. Ya tambaye ni da tarko na kama shi ko da guba. Na ce da baki. Ya dube ni, na dube shi. Sai ya kwance murfin akwatin matatar iska ya kira ni in leƙa.

Malama, gida ne sosai, har da shimfiɗa. Soson kujerata, zaren tsohuwar hulata da na yi wata biyu ina zargin uwar yara ta jefar, da 'ya'yan ɓera biyar jajaye ko gashi ba su yi ba. Uwarsu ta yi tsalle ta bi ta kan ƙafata, ƙatuwa, irin ta daji, ta fi ni ƙiba. Abokina ya nuna mini wurare bakwai da aka ɗaure waya da baƙin salatif, ɗauri mai tsabta, ya ce wannan ba aikinsa ba ne, wani gwani ne yake bin bayan ɓeran yana gyarawa, ba don shi ba da motar ta daɗe da kwanciya. Ashe gwanin nan Injiniya ne. Guntayen da ke cikin leda, waɗanda haƙori ya lalata ne yake yankewa. Uwarsa ta ce wai ya ɓoye ne don kada in ji kunya a ce ɗana ya fi ni sanin motata.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa kowa ba, ke ma don ba ki san fuskata ba ne. A cikin shimfiɗar nan akwai ɓawon gyaɗa da takardar biskit. Likita ya hana ni zaƙi, uwar yara ta zama ɗan sanda a kaina, shi ne na buɗe ɗan kanti a ƙarƙashin kujerar direba. Ba na jin wannan yana da alaƙa da zancen, na dai faɗa ne don cikar labari.

Mun kwashe shimfiɗar, amma uwar ɓerayen ta dawo, ina ganin kashinta kan batir. Na barbaɗa garin barkono a injin, da na kunna fankar ciki yara goma sha huɗu suka yi ta atishawa har ƙofar makaranta. Na aro magen maƙwabci, ta mayar da bonet gadon sarauta. Na ɗana tarko, ya kama babban yatsana. Wani ya ce in bar rediyo a kunne, ɓeran ya sha labarai, batir ya mutu.

Tambayata biyu ce. Yaya zan raba motata da wannan baiwar Allah? Sai kuma yaron. Na riga na tsara dabara, so nake kawai ki sa mini hannu. Zan aika ƙanensa ya ce mota ta lalace ana neman mai gyara. In ya zo ya gyara, sai in ce aikin ya yi kyau, a zubo masa abinci, shi ke nan an wuce wurin. Uba ai ba ya ba ɗansa haƙuri, ko a littafin aji huɗu ban gani ba. Amma kujerarsa a tsakar gida ba mai zama a kai, uwarsa kuma gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, kuma rabon da wani ya yi dariyar barkwancina tun ranar nan.

Naki,
Direba mai aji huɗu

*

Baban Injiniya, na karanta wasiƙarka na yi dariya, da na kai ƙarshe kuma na daina. Bari mu fara da mai ƙafa huɗu, don ita ta fi sauƙi.

Abin da ka ce ba ya da alaƙa da zancen, shi ne zancen. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka ba ta ɗumin inji, ka ba ta dusa a gefe, ka ba ta itacen ɓuya, ka buɗe mata kanti a ƙarƙashin kujera, sannan kana mamakin ta tare da iyalinta. Rufe kantin nan yau. A share motar kullum bayan an sauke yara, don su ma suna zubar da nasu. Dusar kaji ta koma cikin durom mai murfi, itace ya bar rumfar, ciyawar bayan katanga a sassabe ta. A wanke injin a wurin masu wankin da suka san aikinsu, saboda warin da ta bari shi ke nuna mata hanya. In ka dawo aiki ka ɗaga bonet har injin ya huce, ɓera ba ya son fili da haske. Bakin da iska ke shiga a sa masa ragar ƙarfe mai ƙananan ido, wayoyin kuma a zura su cikin bututun roba mai kauri. Tarko a ƙasa ake ɗana shi, jikin bango da gefen tayoyi, a lungun da yaro da kaza ba sa kaiwa. Guba kam ka bar ta. Gidanka da yara da kaji, kuma in ta mutu a lungun da hannu ba ya kaiwa, warin zai kori fasinjojinka. Barkono da kafur da sauran masu ƙarfin wari suna taimakawa na ɗan lokaci ne, ba sa maye gurbin tsabta. Kafin ka sake ɗaukar 'ya'yan mutane, a duba tiyon mai da na birki da duk wayar da ta yi tsirara. Haƙorin da ya ci waya ba ya jin kunyar tiyo.

Yanzu mai ƙafa biyu. Ba zan ɗora maka laifin duka ba. Abokinka ya yi maganar da ke da fuska biyu, yaron ya ce mai yake dubawa alhali ba shi ba ne, kuma da ya gaya maka gaskiya tun ɗaurin farko da ba a kai nan ba. Idan ya dawo, wannan ma abin faɗa masa ne, a hankali. Amma ka lura da dalilin ɓoyewarsa. Girmanka yake karewa. Kai kuma da ya buɗe baki ka ɗaga masa hannu.

Dabararka ba zan sa mata hannu ba. Zai zo, don ɗa ne mai ladabi, zai gyara, ya durƙusa ya yi sallama, ya koma bayan shagon kawunsa. Ka samu mai gyara, ɗan kuma yana can. Sunan da ka kira shi da shi a gaban uwarsa da ƙannensa ka kira, kuma har yau a kunnensu yake. Inda aka shafa baƙin fenti, nan ake zuwa a goge.

Kada ka aiki kowa. Ka je da ƙafarka, ka ce masa ka yi kuskure, ka zalunce shi, ya yafe maka. Kalma uku ce ko huɗu, ba ta kai jawabin tabarma tsawo ba. Ranar kada ka sa wasa, ka bar shi ya faɗi abin da ka hana shi faɗa. In ya dawo, ka sake tara mutanen da ka tara, a kan tabarmar nan, ka wanke shi. A nan ne barkwancinka zai yi amfani: ka zazzage musu ɓawon gyaɗa da takardar biskit kamar yadda ka zazzage wayoyi, ka nuna musu wanda ya yi kiwon ɓera a gidan. Uwar yara za ta yi faɗa, ka shanye, da gaskiyarta, lafiyarka take tsaro. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle ɗan da ya fi ka tsawo a aikin waya.

Daga nan sai ka miƙa masa filaya da ragar ƙarfe, ka riƙe masa fitila, ka yi shiru ya koya maka. Aji biyar ke nan, kuma ina da yaƙinin wannan karon sau ɗaya za ka yi shi.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya tsare hanya, ya dawo da dariya tsakar gidanka.

Mai filin