Hannun Baba Mijinyawa

Al Muraqqabat, Dubai

Zuwa ga Baffa Dikko,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan mutanen gidanmu na Wudil. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mun ji Inna Sa'adiya ta samu sauƙin ƙafarta, mun gode Allah.

Baffa, maganar yayanka ce ta sa na rubuto, don a waya kullum yana kusa da ni. Tiyatar kafaɗar ta yi kyau, ciwon ya ragu, yana barci. Amma likita ya ja ni gefe ya ce jijiyar ta riga ta lalace, hannunsa na dama ba zai ƙara ɗaguwa sama da ƙirji ba. Na kasa gaya masa. Ka fi ni sanin abin da hannun nan yake nufi a wurin Baba. Tun yana saurayi yake jefa igiya a karar shanu, bijimin da ya gagari mutum biyar shi ake kira. A wasan mahauta na sallah kuwa, shekara da shekaru ba wanda ya riga shi zarge maraƙi ya kayar ya ɗaure, daga Wudil har Maigatari.

A nan ba wanda ya san wannan. In na tafi aikina na jinya a asibiti, yini yake yi shi kaɗai a saman bene yana kallon motoci ta taga. Na kai shi wajen 'yan kasuwarmu na unguwar Naif, suka gaishe shi da ladabi, amma hankalinsu na kan kaya da kwantena. Ya fara ba ɗaya daga cikinsu labarin gasar da ya ci a Dambatta, wayar mutumin ta yi ƙara, labarin ya tsaya nan. Bai ƙara cewa in kai shi ba.

Ranar hutuna na kai shi kasuwar dabbobi a bayan gari. Yana jin warin shanu fuskarsa ta sake, har yana gaya mini wadda ta ƙoshi da wadda aka cika wa ciki da ruwa. Muna tsaye sai wani maraƙi ya ƙwace wa masu sauke shi daga mota. Kafin in ankara Baba ya zari igiya a jikin shinge, yatsunsa sun riga sun haɗa zarge. Ya ɗaga hannu, hannun ya tsaya a ƙirji. Ya sake gwadawa. Ma'aikatan suka bi maraƙin suka kama, ba wanda ma ya waiwaye shi. Ya naɗe igiyar a hankali ya mayar inda ya ɗauko ta.

A hanyar komawa ya ce tun ranar da likita ya ja ni gefe ya gane, in daina ɗaukar nauyin ɓoyewa ni kaɗai. Ya ce in gaya maka ka sanar da Sarkin Pawa ya cire sunansa a wasan bana.

Roƙona, Baffa, in ya dawo kada ku ɓoye masa ranar wasa don tausayi. Ku kai shi fili, ku zaunar da shi cikin mutanen da suka ga zamaninsa, masu kalangu su yi masa kirarinsa. Ina so ya ci gaba da zama tare da ni a nan, amma na yanke masa tikitin wata mai zuwa. Ni na saba da shirun gidan nan. Shi kuwa cin sa yake yi.

Ka gaishe mini da Inna Sa'adiya, da Yaya Ado da matarsa Kamila, da Goggo Barira. Ku sa mu a addu'a.

'Yarka,
Nuriyya Mijinyawa