Watan da Muka Gani Tare

Surko, cikin watan ƙaramar salla

Zuwa ga aminina Ɗanbala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Barira da yara. Yaya ƙafar Baba? Allah Ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiya lau, sai godiya.

An ce kana ta neman wayata. A kashe take, da gangan. Na san halina, in na ji muryarka zan yi sanyi, ni kuwa ban gama fushi ba.

Ɗanbala, kai ka fara nuna min shi. Muna tsaye a kan tudun bayan garinmu Sara, rana ta faɗi, ka damƙi hannuna ka ce ga jinjirin watan azumi can saman kuka. Na duba, na gan shi siriri kamar yankan farce. Muka yi kabbara tare, muka sauko da gudu zuwa ƙofar dagaci. Na ba da shaida a gaban malamai. Da wani matashi ya ɗaga waya ya ce lissafi ya nuna ba za a gan shi yau ba, aka yi dariya, aka juyo gare ka, sai ka ce wataƙila gajimare ne. Shaidar mutum ɗaya ba ta isa ba, aka sallame mu. Ka watsa min ƙasa a ido, idon da garin nan ya dogara da shi tun ina bin mahaifina duban wata.

Wanda ya gani da idonsa azumi ya hau kansa, don haka na tashi da shi ni kaɗai. Yara suka raɗa min Mai-wata-a-aljihu. Wannan bai ci raina ba kamar yadda na fara zargin kaina. Har asibiti na je a Birnin Kudu aka auna min ido, aka ce garau yake. Ban yarda da likitan ba, tunda ni ma ban yarda da kaina ba.

Yanzu ina wurin Inna Azumi, ƙanwar mahaifina, ina bin shanunta. Shanu dai ba sa musa abin da suka gani. Ka gaida Baba.

Naka,
Iliyasu

Surko, cikin watan Sha'aban

Zuwa ga Ɗanbala,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, tare da fatan ku duka kuna lafiya. Na ji Barira ta sauka, Allah Ya raya mana Zulkifli. Takardarka ta iso.

Ka tambayi yadda nake. Na daɗe ina korar shanu kaina a sunkuye, ko sama ba na ɗaga ido in kalla. A dawa nake sallar magariba, a kan wani falalen dutse kusa da mashaya. Babu mai kallona, babu mai dariya, sai balbelu na wucewa zuwa makwancinsu. A nan na riƙa faɗa wa Allah abin da ba na iya faɗa wa mutum, har ƙirjina ya fara sakewa.

Inna Azumi idonta ya dushe, amma ba ta barin azumin nan na tsakiyar wata, sha uku zuwa sha biyar. Wata rana na dawo ta tambaye ni ko wata ya tsaya. Na ce mata ni ba a karɓar shaidata. Ta ce ita ba dagaci ba ce, in koma in dubo mata. Na koma, na gan shi, na dawo na faɗa mata. Ba ta nemi na biyu ba, a kan maganata ta ɗora lissafinta. Ranar da ya kamata wata ya cika, ya fito fal a kan lokacinsa. Na zauna a kan dutsen nan na yi kuka kamar yaro. Tun daga nan duk ƙarshen wata ni ne idonta.

Ka rubuta cewa wallahi ka ga jinjirin watan ranar nan a kan tudu, kunyar dariya ce ta kama ka. Ɗanbala, ni kake ba labari? Ina wurin. A gaban mutane ka musa, a cikin ambulan kake gaskata ni.

Ka ce in dawo mu hau tudu tare, azumi ya gabato. Zan duba watan a nan, in na gani kuma zan kai shaida, ko za a sake dariya. Amma ba zan tsaya kusa da kai ba tukuna.

Abin da ka yi min na yafe, har ga Allah, don ina ƙaunarka ko na so ko ban so ba. Saura abu ɗaya. Washegarin ranar nan na wuce ta inuwar masallaci da azahar, bakina a bushe, na gan ka kana shan fura tare da mutanen gari, alhali idonka ya ga wata. Wannan ranar ba tawa ba ce balle in yafe maka ita. Ka je ka tambayi malamai abin da ke kanka, za su kuma tambaye ka dalili.

Ka shafa min kan jariri.

Naka har yanzu,
Iliyasu