Yarinyar Gawayi

Jibiya

Zuwa ga ƙawata Hasiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da ɗiyarki Ummusalma. Tun da aka rufe boda kuka koma Maraɗi layinki bai ƙara shiga ba, shi ya sa na ba Ɗanmaraya mai kabu-kabu wannan takarda, tunda shi ta daji yake bi.

Hasiya, ɗiyata Rakiya ce ta hana ni sukuni. Kin tuna littafin hotunan da Ummusalma ta bar mata ranar da kuka loda kaya? Faransanci ne, ba mai karanta shi a gidanmu, hotunan kawai take bi. Wata yarinya ce da ba ta da abokiyar wasa, ta zana wata da gawayi a bango, sai zanen ya sauko suka riƙe hannu. To, Rakiya ta ɗebi gawayi a murhu ta zana tata a katangar da ta raba gidanmu da naku, har da kitso irin na Ummusalma. Nan take wuni tana hira, tuwo ma sai ta gutsura mata.

Jiya Inna, uwar maigidana, ta laɓe ta saurara. Ta ce, "Ɗiyag ga ba ita ɗai ta ba. Littahin ga shi ya jawo muna iska." Tana so a ƙone shi a kira mai ruƙiyya. Ni na san kewa ce kawai, amma wa zai ji ta bakina? Don Allah ki rubuto mini abin da rubutun ya ce, in karanta wa Inna ko hankalinta ya kwanta.

Taki,
Zuwaira

Maraɗi

Zuwaira tawa,

Wa alaikumus salam, muna lafiya, sai kewarku. Na yi dariya har da ƙwalla, daga baya kuma dariyar ta ƙare. Kai, Inna! Ita da ta taɓa cewa rediyona na da aljani don ya yi ƙara.

Littafin na ƙanena Abbas ne, mai koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, yara yake karanta wa. Na tambaye shi, ya ce babu iska babu tsafi. Yarinyar ta yi ta wasa da zanenta har wasu baƙi suka tare kusa da su da ɗiyarsu, sai zanen ya koma bango yana murmushi. Shi ke nan fa labarin. Ki faɗa wa Inna, ki haɗa da gaisuwata, ki sassauta murya, kin san halinta.

Ummusalma ma ba ta jin daɗi. Kullum sai ta tambaye ni ko Rakiya ta kai shafin ƙarshe. Kar ki bari a taɓa littafin nan.

Ki gaishe da mutan gida.
Hasiya

Jibiya

Hasiya,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta makara, an kama mashin ɗin Ɗanmaraya a hanya, sai da aka yi ta fama.

Ina kasuwa aka yi abin. Na dawo na tarar da tokar littafin a murhu, katanga kuma jiƙe sharkaf, Inna ta wanke ta da tsintsiya. An ce Rakiya ta rungume bangon sai da aka ɓamɓare ta. Malamin da aka kira ya yi karatu ya tofa mata, ya ce shi bai ga komai ba, yarinya ce mai son abokiyar wasa. Ina amfani, bayan an gama?

Yanzu kowa sai barka yake mini, wai ta warke. Ba ta hira da bango, gaskiya ne. Ba ta hira da kowa. Tana cin abinci, tana zuwa aike, in ta zo wajen murhu sai ta kauce wa gawayi. Na karanta wa Inna takardarki, ta ce, "To, ai ga shi ta natsu." Zuciyata ƙuna take yi, Hasiya, na kasa kare ɗiyata a cikin gidana.

Taki,
Zuwaira

Maraɗi

Zuwaira,

Innalillahi. Allah ya ba ki haƙuri. Amma ga albishir: an buɗe boda, motoci sun fara wucewa. Ran Juma'a in sha Allah muna tafe ni da Ummusalma. Ki faɗa wa Rakiya ƙawarta ta gaske na zuwa, da ƙafafunta.

Sai mun zo.
Hasiya

Jibiya

Hasiya,

Ina gaisuwa. Na faɗa mata, ina murna, na zaci za ta yi tsalle. Ta daɗe tana kallon katangar, sannan ta matso ta raɗa mini, "Umma, ki ce mata kar ta zo. Inna za ta wanke ta."

Ku dai zo. Ban san ko za ta fito ba.

Allah ya kawo ku lafiya.
Zuwaira